Yadda ake auna nauyin gungun galaksi

Ɗalibi: Malamai, ina neman ƙarin haske. Ta yaya ake sanin nauyin gungun galaksi (wato manyan tarin taurari) irin na Coma, alhali yana da nisan shekarun haske fiye da miliyan 300?

Malamin kimiyya: Malam, ana duba hasken kowace galaksi, domin yadda launinsa ya karkata zuwa ja yana nuna saurin tafiyarta. A Coma, bambancin saurin galaksin ya kai kusan kilomita 1,000 a daƙiƙa, kuma da nauyin gungun bai isa ya riƙe su ba, da tuni sun watse, don haka saurin yana nuna yawan nauyin. Da wannan lissafi ne masanin taurari Fritz Zwicky ya gano a 1933 cewa nauyin ya ninka abin da taurarin da ake gani za su bayar sau da yawa.

Wata ɗaliba: Sai dai lissafin yana ɗauka cewa gungun ya natsu, wato ba ya faɗaɗa ko tsukewa, wanda ba kullum ba ne. Shi ya sa ake ƙarawa da zafin iskar da ke tsakanin galaksin, wadda na'urar hangen nesa ta Chandra da ke sararin samaniya take aunawa, da kuma yadda nauyin yake lanƙwasa hasken da ke fitowa daga bayan gungun.