Mutum-mutumin nan mai kai goma da Indiyawa ke ƙonawa, Diwali ne?

Ɗan_Baiwa:
Salam jama'a. Dan Allah ina da tambaya, na ga wani bidiyo daga Delhi an kafa ƙaton mutum-mutumi mai kai goma, ya fi gidan sama tsawo, aka harba masa kibiya mai wuta ya kama ci yana fashewa mutane na ta shewa. Wannan ne Diwali ɗin da ake faɗa ko wani biki ne daban?

Malam_Tarihi:
Wa alaikumussalam ɗan'uwa. Ba Diwali ba ne, Dussehra ke nan, wasu su ce Vijayadashami, yana faɗowa a Satumba ko Oktoba bayan darare tara na Navaratri. Mai kai goman shi ne Ravana sarkin Lanka, a labarinsu na Ramayana shi ya sace Sita matar Rama, Rama ya bi shi har gida ya kashe shi, to shi ya sa suke cewa ranar ce alheri ya yi galaba kan sharri. Da gora da takarda ake haɗa shi a cusa masa kayan wasan wuta a ciki, kuma ka duba da kyau yawanci uku ne a jere, akwai ɗan'uwansa Kumbhakarna da ɗansa Meghnad. Diwali sai bayan kwana 20, shi ne na komawar Rama Ayodhya bayan shekara 14 a daji, inda suke jera fitilun aci-balbal.

UmmuHanan:
Malam ka manta mutanen Bengal, su ba ruwansu da Ravana sosai fa, Durga, wata allahiyarsu, suke yi wa biki wai ita ta kashe Mahishasura mai siffar ɓauna, ranar ƙarshe su ɗauki gumakanta na yumɓu da kiɗa da rawa su kai kogin Hooghly su nutsar, aikin wata da watanni ya narke a ruwa. UNESCO ma ta sa bikin Durga na Kolkata, babban birninsu, cikin jerin al'adun duniya a 2021.

Malam_Tarihi:
Haka ne hajiya, na gode da gyara. A Dussehra na birnin Mysuru da ke kudancin Indiya kuma giwaye ake fitowa da su.

Sarkin_Zolaya:
Ni dai cunkoson ne ke ba ni tsoro wlh. A 2018 a Amritsar mutane sun tsaya kan layin dogo suna kallon ƙonawar, ƙarar fashe-fashen ta hana su jin jirgi, kusan mutum 60 suka mutu.

Ɗan_Baiwa:
Subhanallah. Ashe ni duk shekarun nan haɗa biyun nake yi, na gode sosai.