Shawarwari kan raba mutum da ƙwaya ƙarƙashin kulawar likita

A wata tattaunawa da iyaye da ma'aikatan lafiya suka yi a Kano, shawarar da aka fi nanatawa ita ce kada a kulle wanda ya kamu da shaye-shaye a ɗaki a ce ya daina rana ɗaya. Wanda jikinsa ya saba da giya ko ƙwayar sa barci ta diyazafam, yanke masa farat ɗaya na iya jawo karkarwa, farfaɗiya da gane-gane, musamman kwana biyu zuwa uku da dainawa idan giya ce, har ya kai ga rasa rai. Mai shan tiramol ko kodin kuwa yakan sha fama da amai, zawo da ciwon gaɓoɓi.

Shi ya sa aka ce a nufi asibitin Dawanau ko na Malam Aminu Kano, inda likita zai riƙa rage maganin sannu a hankali yana duba hawan jini. Gidan mari kam, sam. Duka da sarƙa ba magani ba ne.

Abin da ya fi damuna shi ne bayan sallama. Jiki ya riga ya manta da ƙwayar, don haka adadin da mutumin yake sha a da yanzu zai iya kashe shi. Sai a ci gaba da kai shi ganin likita, a sama masa sana'a, a kuma raba shi da tsohuwar majalisarsa.