Batirin kwale-kwale na mutuwa kafin ya cika shekara: wane iri ya kamata a saya?

Masuncin Tiga:

Assalamu alaikum. Ina neman shawarar masana batir. Jirgin katako ne a dam ɗin Tiga, da injin Yamaha 40 wanda ake tayarwa da igiya. Batirin mota ne a ciki mai 75Ah (Ah shi ne ma'aunin yawan wutar da batir ke ajiyewa). Abin da yake ɗauka: fitilun LED biyu masu wat 10 kowacce, suna kunne kamar awa takwas a dare idan ana zuba ragar kalli ko duba ƙugiyoyin mamari, da ƙaramin famfon kwashe ruwa, da cajin wayoyi uku. Ana kai shi caji cikin gari duk kwana uku ko huɗu, sai fitilu sun dushe. Wata bakwai ke nan, yanzu ko awa biyu ba ya yi. A sake sayen irinsa ne ko akwai wanda ya fi? Kuma mai Ah nawa?

Ɗan Rewaya, Wudil:

Wa alaikumus salam. Malam, kada ka sake sayen batirin mota don wannan aikin, asara ce. Farantan dalmar da ke cikinsa sirara ne masu yawa, an yi su ne don su ba da wuta mai ƙarfi na daƙiƙa uku zuwa biyar a tayar da inji, nan take kuma injin ya mayar masa da abin da ya ba da. Kai kuwa kana tatsarsa a hankali dare uku har ya kusa ƙarewa. Duk zuƙewa ɗaya irin wannan tana kakkaɓe wani abu daga jikin farantan ya zube ƙasan batir. Sannan zaman da yake yi babu caji shi ya fi illa: wani farin gishiri yana kama farantan, idan ya kwana biyu sai ya taurare, caji ba ya narkar da shi. Shi ya sa batirin ke nuna ya cika da wuri, ya kuma sauka da wuri.

Wanda kake buƙata shi ne mai farantai masu kauri, wanda ake kira batirin sola, za ka ga an rubuta Deep Cycle a jikinsa.

Ga lissafin girman. Fitilu biyu wat 20 sau awa 8, ya ba da 160. Famfo mai jan amfiya 3, idan aka tara aikinsa na dare ya kai awa ɗaya, 3 sau bolt 12 na batir ya ba da 36. Wayoyi uku ka sa 45. Jimla kusan 240, ka raba da bolt 12 na batir, ya zama 20Ah a dare guda. Batirin dalma ba a so a ci fiye da rabinsa, don haka dare ɗaya na buƙatar 40Ah, dare biyu 80Ah. Ka sayi 100Ah ka sami rara.

Ka nemi ƙaramar mitar auna bolt, ta fi ido gaskiya. Ka cire komai daga batir, ka bar shi ya huta awa uku, ka auna: bolt 12.6 zuwa 12.7 a cike yake, 12.4 saura kashi uku cikin huɗu, 12.2 rabi ne, kuma nan ne iyaka. Idan ya kai 12.0 ka riga ka wuce gona da iri. Wannan tsohon naka, idan bayan caji ya tsaya wajen 10.5, ɗaya daga cikin ɗakunansa shida ya mutu, kada wani ya karɓi kuɗinka da sunan zai canza masa ruwa ya farfaɗo.

Mai Sola, Haɗeja:

Bayanin malamin Wudil daidai ne, sai dai ko batirin sola ka saya, muddin tsarin cajin nan bai canza ba, shi ma ba zai daɗe ba. Abin da aka ci da dare a mayar da shi washegari, wannan shi ne asalin maganin. Farantin sola mai wat 100 yana ba da amfiya 5 da ɗoriya a rana mai kyau, wato 25Ah zuwa 30Ah a wuni, ya rufe 20 ɗinka. Amma lokacin hazo da tsakiyar damina abin yana raguwa sosai, shi ya sa na fi son mai wat 150 da kantirola, wato na'urar da ke daidaita caji tsakanin faranti da batir, mai amfiya 20. Kada a haɗa faranti kai tsaye da batir, domin yana iya tura bolt 18 ya dafa shi. A lokacin hunturu a riƙa goge ƙura a kan farantin kowace safiya.

Game da iri, uku ne a kasuwa. Mai ruwa wanda ake buɗe murafunsa ya fi araha, ya fi kuma jure zafinmu, tunda ana iya ƙara masa ruwa, amma yana zuba idan jirgi ya karkata. Rufaffe, AGM ko jel, ba ya zuba, shi ya fi dacewa da jirgi, sai dai ba ya yafe cajin da ya wuce ƙa'ida: AGM bolt 14.4, jel kada ya haura 14.2, kuma dole a saita kantirola a kan irinsa. Na litiyam mai rubutun LiFePO4 bai wuce kilo 12 zuwa 13 ba a 100Ah, ana iya cin kashi 80 cikin ɗari nasa, yana kuma shekaru, amma yana da tsada, kuma yana son cajar da aka yi dominsa.

Wajen saye a kula. Batirin dalma na gaskiya mai 100Ah yana kai kilo 28 zuwa 32. A ɗora shi a sikeli. Wanda ya zo da kilo 20 an rubuta 100Ah ƙarya ce, ko kuwa tsoho ne aka wanke aka manna masa sabuwar takarda. A duba ranar da aka yi shi, kada ya wuce wata shida a shago, a kuma auna shi a gaban mai shagon, ya nuna 12.5 ko sama.

Masuncin Tiga:

Allah ya saka da alheri. Tambaya biyu: wasu sun ce a ɗauki dogon batirin inbata mai 220Ah a huta. Sannan akwai wayoyi biyu da suka fito daga injin, ba za su iya cajin batir ba?

Makanikin Injin Jirgi, Ƙaraye:

Ɗan'uwa, bar maganar dogon batirin nan. Ya haura kilo 55, ruwa ne cike a ciki, ga tsawo. A kwale-kwalen katako igiyar ruwa ɗaya ta isa ta kifar da shi, kuma farantin wat 100 zai daɗe ƙwarai kafin ya cika shi idan ya sauka.

Wayoyin nan biyu na kwayil ɗin fitila ne, wato naɗin wayar da ke samar da wuta a cikin inji. Wutarsu mai kai-komo ce, ba ta shiga batir sai an sa rektifaya, wato na'urar da ke mai da ita irin wutar batir, kuma abin da take bayarwa bai wuce amfiya 6 ba, shi ma sai inji na gudu sosai. Wanda ke tafiyar rabin awa ya kashe inji ya zauna kan koma, 3Ah kawai ya samu. Idan za a sa, a sa mai haɗe da regileta mai hana bolt haurawa, domin rektifaya zalla tana haura bolt 15, tana busar da rufaffen batir. Na litiyam kuwa kada a haɗa shi da kwayil ɗin sam.

Wajen ɗaura batir a jirgi ne aka fi yin ganganci. A kashe komai, a fara kwance baƙar waya mai alamar ragi, sannan ja mai alamar tarawa. Wajen mayarwa ja ne farko, baƙa a ƙarshe. Sifana ɗaya idan ta haɗa kawunan biyu tana narkewa a hannu, don haka a cire zobe da agogo. Batir ya zauna cikin akwatin roba mai murfi da ƴan huji a sama don iska ta fita, a ɗora shi kan katako sama da inda ruwa ke taruwa, a tsakiyar jirgi, a ɗaure da bel. A nisanta shi da jarkar fetur ko da taku uku ne, saboda batir na fitar da iska mai kama wuta lokacin caji, ga tururin fetur, tartsatsi ɗaya ya isa.

A sa fiyus mai amfiya 15 a jikin jar waya, bai wuce santimita 18 daga kan batir ba. Wayar fitilu da famfo ta zama ta jan ƙarfe mai kaurin milimita 2.5, da kan haɗi na gaske da aka ɗaure da noti. Cizon maƙale irin na caja da naɗa waya da hannu su ne ke zafi suna cinye wuta. Idan fari ko kore ya taru a kawunan, a wanke da ruwan kanwa, a kula kada ya shiga cikin batir, a busar, a ɗaure, a shafa basilin.

Rana kuma maƙiyiyar batir ce. Duk ƙarin digiri 10 sama da 25 yana kusan raba rayuwarsa biyu, ga Afrilu da Mayu a nan suna haura 40. Idan jirgi na bakin gaɓa da rana a rufe akwatin da tabarma. Mai ruwa a duba shi duk mako biyu a bazara, ruwan ya rufe farantai da kamar santimita ɗaya. Tataccen ruwan batir, wato distilled water, kaɗai ake ƙarawa, ban da na dam, ban da na rijiya ko na leda, ban da asid.

Dattijon Masunta, Guri:

Ɗana, sauran abu ɗaya, tsohon batirin. Kada a tsiyaye ruwansa a bakin dam, kada kuma a fasa shi a cikin gida don narka dalmar a yi nauyin ragar birgi. Hayaƙi da ƙurar dalma guba ne ga yara; gubar dalma ce ta kashe ɗaruruwan yara a ƙauyukan Zamfara a 2010, ko da yake tasu daga duwatsun zinare ta fito. Ka kai shi a tsaye, da murafunsa a rufe, wajen mai shagon da za ka sayi sabo. Suna karɓa su rage maka kuɗi gwargwadon nauyinsa, don haka ka sa a auna shi a gabanka kafin a yi ciniki.