Musayar Waƙa: Ranar da Kotun Ƙoli ta Kori Ƙarar Legas

Malam Garba Mai Alli:
Assalamu alaikum. Ranar 17 ga Yuni 2022 Kotun Ƙoli ta kori ƙarar da gwamnatin Legas ta ɗaukaka kan hana ɗalibai mata sa hijabi a makarantunta. Ga nawa, kowa ya kawo nasa.

Da sunan Allah zan fara,
Batun hijabin 'yan yara.
A 2014 kotun jiha ta tsara
Hanin gwamnati bai son gyara.
A 2016 Kotun Ɗaukaka Ƙara
Ta rushe shi, bai bar ko ƙura.
Legas ta ƙi, ta sake ƙara,
Kotun Ƙoli ta ce ta tattara.

Hajiya Binta Zariya:
Malam, ka ƙirga kotuna uku,
Ni shekaru zan ƙirga muku.
Yara biyu, 'yan shekara sha biyu,
A 2013 suka kai kukansu,
MSSN, ƙungiyar ɗalibai Musulmi, na riƙe da hannunsu.
Kafin hukunci ya iso gare su
Sun bar aji, sun bar bencinsu,
Shekara tara ta ci ƙuruciyarsu,
Ƙannensu ne suka sha inuwarsu.

Ɗalibin Shari'a:
Hajiya, zancenki ya taɓa ni,
Amma a duba tushen gini.
Legas ta ce yunifom ɗaya ne tsakani,
Kada tufa ta raba wani da wani.
Alƙalai bakwai suka yi auni,
Biyar suka tsaya kan 'yancin addini,
Sashe na 38 na tsarin mulki ya ba su tsani,
Biyu suka saɓa, da nasu gani.
Mai shari'a Kekere-Ekun ta rubuta wa biyar ɗin bayani,
'Yar Legas ce, wannan ya burge ni.

Maman Hauwa Agege:
Ɗana, kai a littafi ka karanta,
Ni a Agege na gani kan 'yata.
Kullum a bakin ƙofar makaranta
Takan cire, ta naɗe cikin jakarta,
Ta shiga aji tana kare wuyanta,
An tashi ta ɗauko, ta mayar abinta.
Ba ta taɓa kawo min kukanta,
Ni ce nake karanta idonta.
Yau ƙanwarta ce zaune a ajinta,
Hijabi kalar yunifom a kanta,
Ni na ɗinka shi da keken kakarta.