Kullum ina gudu ina ɗaga ƙarfe, amma jikina sai ƙara mutuwa yake

Ɗan Kwari:

Assalamu alaikum jama'a. Shekarata 38, ina sana'ar atamfa a Kantin Kwari, kuma kun san zaman shago, daga kujera sai benci. Nauyina ya kai kilo 94, likita ya auna ni ya ce jinina ya fara hawa, ya ce in rage teɓa in riƙa motsa jiki. Tun bayan ƙaramar Sallah na ɗauki abin da zafi. Ina idar da Asuba sai in nufi wajen filin wasa na Ƙofar Mata in yi gudu har sai numfashina ya kusa ɗaukewa, da yamma kuma in biya wani gidan motsa jiki a unguwarmu in ɗaga ƙarfe. Kullum haka, har ranar Juma'a.

Da farko na ji daɗi, kilo uku suka tafi. Yanzu sikeli ya tsaya cak. Gwiwata ta hagu tana ciwo idan zan yi sujada, ƙwaurina na zafi, da hantsi barci nake a shago, da dare kuma barcin ya gagara. Ƙarfen da nake ɗagawa sau goma a da, yanzu da ƙyar nake kai shi bakwai. Wani ya ce in ƙara ƙaimi, jikin ne bai saba ba. Don Allah masu sani, in rage kwanaki ne in ƙara ƙarfi, ko in rage ƙarfi in ci gaba da fita kullum?

Malamin Wasanni:

Wa alaikumus salam Alhaji. Na daɗe ina koyar da motsa jiki a sakandare, kuma na buga ƙwallo da ƙuruciya, saboda haka abin da ka lissafa ba baƙo ba ne a wurina. Wanda ya ce ka ƙara ƙaimi bai yi maka adalci ba. Ƙarfin da ke raguwa, barcin da ya ƙi zuwa da dare, gwiwa da ƙwauri, duk jikinka ne yake kai ƙara cewa bai gama gyara ɓarnar jiya ba ka sake ɗora masa ta yau. Atisaye mai tsanani yana ɗan yayyaga tsoka ne, sai a lokacin hutu da barci jiki yake ɗinke ta ta fi da ƙarfi. Tsokar da aka wahalar sosai tana son kamar awa 48 kafin a sake matsa mata. Kai kuwa ko awa goma sha biyu ba ka ba ta.

Tsanani da yawan fita ba sa tafiya tare a sama. Idan ɗaya ya hau, dole ɗayan ya sauko. Dubi 'yan gudun Kenya. Eliud Kipchoge, wanda ya yi gudun fanfalaki na kilomita 42 cikin ƙasa da awa biyu a Vienna a 2019, kusan kullum yake fita a sansaninsu na Kaptagat, amma yawancin gudun nasa na sannu ne bisa ma'auninsa. Masanin nan Stephen Seiler da ke aiki a Norway ya bibiyi manyan 'yan wasan juriya, irin masu gudun dogon zango, ya ga kusan kashi 80 cikin 100 na atisayensu mai sauƙi ne, ɗan ragowar ne mai zafi. To idan waɗanda gudu ne abincinsu ba sa ƙure kansu kullum, mai shago ɗan shekara 38 fa?

Ga yadda za ka gane sauƙi da zafi ba tare da agogo mai tsada ba. Idan kana sassarfa kana iya hira da na kusa da kai, jimla cikakkiya, kana kan matsakaici. Idan kalma biyu ko uku kawai kake iya fitarwa sai haki, ka shiga mai zafi. In kana son lissafi, cire shekarunka daga 220, naka ya zama 182, wato kimanin iyakar bugun zuciyarka a minti ɗaya. Ƙiyasi ne kawai, amma yana taimakawa. Ranakun sauƙi ka tsaya tsakanin 115 da 140.

Hukumar Lafiya ta Duniya, a ƙa'idojinta na 2020, ta ce babban mutum ya samu minti 150 zuwa 300 na matsakaicin motsa jiki a mako, ko 75 zuwa 150 na mai zafi, sannan aƙalla kwana biyu na ƙarfafa tsoka. Kai ka zarce wannan nesa, kuma duk a ɓangaren zafi.

Da ni ne kai, wannan makon gaba ɗaya tafiya kawai zan yi, in bar gwiwar ta lafa. Daga nan Litinin da Alhamis ƙarfe, jiki duka, ka riƙa tsayawa tun kana jin za ka iya ƙara ɗagawa sau biyu kafin ka gaza. Talata da Asabar tafiya mai sauri ta minti arba'in, Laraba ma haka in ka ji garau. Rana ɗaya tak, mu ce Lahadi tunda kasuwa ba ta cika ba, ka yi mai zafi: minti ɗaya da gudu, minti biyu da tafiya, sau shida. Juma'a ka huta, hutu na gaske. Da kilo 94 gudu a kan kwalta kullum zalunci ne ga gwiwa, ka nemi ƙasa ko ciyawa, ko ka hau keke.

Maman Iman:

Ni ma'aikaciyar jinya ce, kuma na yarda da Malam, sai dai wurin ranar gudu mai zafin nan ina da ja. Alhaji, mutumin da aka ce jininsa ya fara hawa bai kamata ya shiga irin wannan ba sai ya koma an sake auna shi, likitan ya ce bismillah. Kuma wajen ɗaga ƙarfe kada ka riƙe numfashi kana nishi, wannan yana harba jini sama nan take. Fitar da numfashi lokacin da kake turawa. Idan ka ji ƙirji ya ɗaure, ko jiri, ko zuciya na bugawa ba tsari, ka tsaya ka tafi asibiti a ranar. Haka in fitsari ya koma kalar baƙin shayi bayan atisaye mai tsanani, tsoka ce ta narke tana shiga jini, kuma tana iya taɓa ƙoda.

Abu na biyu da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne masu sa rigar sanyi ko ɗaura leda a ciki wai don kitse ya narke. Gumi ruwa ne, kana shan ruwa nauyin ya dawo. A zafin Kano na Afrilu, da ake haura digiri 40, wannan ganganci ne da rai. Sikelin da ya tsaya kuwa, a duba kofin shayin safe cokali nawa na sukari ke ciki, da lemon kwalba da ake sha a shago, da tuwon dare. Rashin barci ma yana ƙara wa mutum yunwa.

Auwalu Mai Ƙarfe:

Yallaɓai, ni a Kaduna nake, da siminti da gwangwanin fenti muka fara haɗa ƙarfenmu a lungu. Ina fita kwana biyar a mako kuma lafiya lau, amma ba na taɓa wuri ɗaya kwana biyu a jere. Yau ƙirji da kafaɗa, gobe ƙafa, jibi baya. Saboda haka yawan fita ba laifi ba ne in an raba aikin. Sai dai ni shekarata 24, ba iyali, ba hawan jini, kuma ba na haɗawa da gudu, don haka tsarin Malam ya fi dacewa da kai. Abin da zan ƙara shi ne abinci. Tsoka ba ta ginuwa da shayi da burodi. Ƙwai ɗaya yana da kamar giram 6 na furotin, wato sinadarin gina jiki, ga wake, awara, kifi, nono, ƙuli-ƙuli, duk ba su fi ƙarfin aljihu ba. Tsamin jiki na kwana ɗaya zuwa uku bayan sabon atisaye ba komai ba ne. Ciwon da ke cikin gaɓa, irin na gwiwarka, shi ne ba a yi masa taurin kai.

Ɗan Kwari:

Allah ya saka da alheri, Hajiya zan koma a auna ni kafin Lahadi in sha Allahu. Malam, saura abu ɗaya: ina azumin Litinin da Alhamis, ga shi ranakun ka sa ƙarfe.

Malamin Wasanni:

To a juya su, Alhaji. Ƙarfe ya koma Talata da Asabar, Laraba da Lahadi tafiya mai sauri, mai zafin kuma a ajiye shi sai likita ya amince kamar yadda Hajiya ta ce. Ranakun azumi ka yi tattaki na minti ashirin ko talatin dab da Magariba, yadda ruwa na kusa, ko bayan Isha'i in abinci ya kwanta. Kuma ka riƙa ƙirga bugun zuciyarka na minti ɗaya da ka farka, kafin ka sauko daga gado, ka rubuta. Ranar da ka ga ya haura yadda ya saba da kamar bugu goma, ko me jadawalin ya ce, ranar tafiya ce kawai. Bayan mako uku ka dawo ka gaya mana yadda gwiwar take a sujada.