Gidanmu na Tudun Wada a Kaduna yana zama ta gefe guda, wa zan kira?

Ɗan Tudun Wada: Assalamu alaikum jama'a. Gidan da mahaifinmu ya bar mana ne, ginin bulo, ya haura shekara 40. Bangon ɗakin Hajiyarmu ya tsage daga kusurwar taga, tsagar ta gangara a karkace har ƙasa. Bara muka cike ta da siminti, bana ta sake buɗewa a daidai wurin, har ƙaramin yatsana yana shiga. Ƙofar ma sai an ɗaga ta take rufuwa. Birkila ya ce N180,000 zai zuba ginshiƙi biyu ya yi filasta, Yayana kuma ya ce a nemo injiniya tukuna. Hajiya ta ce ba inda za ta. A ina ake samun wanda ya san aikin fandisho da gaske, kuma nawa ne kuɗin dubawa?

Na Rigasa: Wa alaikumus salam. A ɗinke tsagar da guntayen rodi a shafe da siminti mai ƙarfi, shi ke nan.

Uwargida daga Kawo: Ɗan'uwa, don Allah kada ka bari kowa ya kusanci fandishonku da diga sai ka san ko wane ne. Mu wani aka kawo mana, da hular kwano da takalmin aiki, kowa na ce masa injiniya. Ya karɓi N900,000. Ya sa yara suka haƙe gindin bangon baya gaba ɗaya, tun daga kicin har banɗaki, a watan Agusta. Daren nan aka kwana ana ruwa. Da asuba ina alwala na ji ƙara kamar an fasa tulu, bangon ya zauna cikin ramin. Allah ne ya tsare yarana. Wayarsa a kashe har yau. Sarƙata da awarwarona na sayar muka tada bangon, kuma har yanzu in hadari ya haɗo ba na iya barci.

Injiniya, Malali: Allah ya mayar da alheri, Hajiya. Ba a haƙe gindin gini a lokaci guda. Rami-rami ake yi, kamar mita ɗaya, a zuba kankare a ƙarƙashin tsohon fandisho, a bari ya yi ƙarfi, a tsallake a haƙa wani. Mai tambaya, tsagar da ke dawowa bayan an cike ta alama ce ƙasa na motsi har yanzu. Laka tana kumbura da damina, ta tsuke da rani. Ka duba ko akwai sokawe, bututu mai yoyo ko dogon yaro kusa da bangon. Ka shafa ɗan siminti a kan tsagar ka rubuta kwanan wata, ka ga ko zai fashe. Duk wanda zai zo, ka nemi lambar rajistarsa ta COREN, hukumar da ke yi wa injiniyoyi rajista a Najeriya. Ga Kadpoly, kwalejin kimiyya da fasaha ta Kaduna, nan kusa da ku, akwai sashen injiniyan gine-gine, ka fara tambaya can. Ni dubawa da rubuta rahoto N60,000 nake karɓa, ban da gwajin ƙasa.

Na Barnawa: N60,000? Mu N250,000 muka biya.

Na Rigasa: Nawa N15,000 na ba shi na mai, ya duba tsaf.

Tsohon magini: Shekara 35 ina riƙe da cokali. Takarda ba ta tada bango. Sau nawa masu takardar ke zuwa su yi zane su tafi, mu ne a cikin rami?

Injiniya, Malali: Baba, ba wanda ya raina hannunku. Amma ginshiƙin da aka ɗora a kan ƙasar da ke nutsewa, tare za su tafi.

Uwargida daga Kawo: Ni yanzu da magini da injiniya duk tsoronsu nake ji.

Ɗan Kakuri: Shekara 40 gida na tsaye, ai ya gaji. Ku bar shi ya ɗan zauna ya huta mana.

Ɗan Tudun Wada: Malam, mahaifiyata ke kwana a ɗakin. Injiniya, da ka yi maganar ruwa na tuna: lambatun layinmu ta bayan bangon nan ya bi, kuma ya toshe tun da maƙwabcinmu ya zuba dakali a kansa.

Na Unguwar Mu'azu: To ga matsalar nan! Mu ma haka muke fama. Da an fara yayyafi sai ka ga ana fitowa da kwandunan shara ana juyewa a kwata, wai ruwa zai tafi da ita. Ledar fiya wata ce fal a ƙofar gidana, ruwan ya kwana uku a gindin katanga. Na kai ƙara wurin mai unguwa sau biyu, ya ce a yi haƙuri da juna.

Na Barnawa: Namu maƙwabcin indararonsa ya juyo mana cikin gida. Da na yi magana sai ya ce tun kafin a haife ni yake nan.

Ɗan Tudun Wada: Namu fa surukin Yayana ne. Wa zai je ya ce masa ya fasa dakalin?