Burin bana, wa ya riƙe nasa? Ku amsa da waƙa

Hauwa 'yar aji uku:
Salam 'yan uwa, jiya na buɗe tsohon littafin lakca na ga abin da na rubuta wa kaina bara, wallahi sai da jikina ya yi sanyi, shi ya sa na ce bari in kawo nan mu yi ta a waƙa ko na samu abin kamawa.

Bara na ɗau biro na zana buri
Goma sha ɗaya na jera su a jeri
Lakca da tes suka taso da sauri
Kafin Maris iska ta kwashe su kamar gari
Bana uku na ɗauka, babu ƙari
Matsakaicin makina ya kai 3.50 cikin 5, wannan shi ne na fari
Hadda izu biyu in ƙara da haƙuri
Barci awa shida ko jarabawa ta yi tsauri

Sadiƙu na Samaru:
Ƙanwata Hauwa kin yi dabara
Amma ni na bar lissafi da shekara
A 2022 yajin aikin malaman jami'a ya zaunar da mu, karatu ya tsaya ba a ƙara
Fabrairu har Oktoba, wata takwas, burina duk ya tafi shara
Yanzu semesta nake bi, sati-sati in duba in gyara
Juma'a bayan la'asar in buɗe littafi, abin da na yi in tara

Nura:
Ni kam ban yarda a rage ba gaskiya, me ya sa za mu ji tsoro tun ba a fara ba?

Wanda ya nufi sama ko ya faɗo ya wuce rufin ɗaki
4.50 nake nema, na ɗaura ɗamara na ja linzamin doki
Laburaren Kashim Ibrahim ta san ni, can nake yini ana raba maki
Facebook na goge daga waya har sai na ga ƙarshen aiki

Maman Iman:
Nura Allah ya ba ka, da gaske nake, amma ka ji nawa don ba kowa ke da yinin laburare ba.

Ku kuna hostel, ni daga Kabuga nake tahowa
Goyo a baya, keken ɗinki na gida yana jiran dawowa
A adaidaita nake bitar handawut, hannu ɗaya na riƙe da yarinya tana mutsuniya ba tsayawa
Burina ɗaya ne tak, kar kari-oba, maimaita darasin da aka faɗi, ta samu wurin shigowa
Shafi uku bayan asuba kafin gida ya fara tashi da hayaniyar kowa
Ran da na rasa ba na rama shida, gobe uku zan yi in ci gaba da tafiya ba gajiyawa

Wannan na ƙarshen shi ya cece ni, da can in na rasa kwana biyu sai in ce sai na rama duka, bashin ya taru ya yi min nauyi in watsar gaba ɗaya har sati uku ban taɓa takarda ba.

Abdu daga Yamai:
Gaisuwa daga Jami'ar Abdou Moumouni, Hajiya kin yi magana
Mu nan maki kan ashirin ne, goma ake nema a tsira da mutunci a zauna
Ni daga azumi zuwa azumi nake ƙirga, shi ne ma'aunina
Na ba abokin ɗakina takardar burina ya riƙe amana
Duk ƙarshen wata ya tambaye ni, kunyarsa ke tashe ni in na so in kwana

Hauwa 'yar aji uku:
Yaya Sadiƙu na karɓi Juma'arka, Abdu zan nemi mai riƙon amana
Nura ka dawo mana da sakamako, addu'armu na tare da kai dare da rana
Anti Maman Iman, ke kika taɓo inda ke min ciwo a raina
Bashin hadda nake tarawa har in ji tsoron buɗe Alƙur'anina
Gobe bayan asuba rabin shafi zan fara, in turo miki saƙo kafin fitowar rana

Maman Iman:
Turo ƙanwata, ƙarfe shida ina kan keke ina haɗa ɗinkin mutane, zan gani in sha Allah.